Audugar da Ba ta Rimi Ba

Gara in faɗi wautar da na tafka da bakina, don in na yi shiru ƙanwata za ta faɗa, ita kuwa in ta ɗauko labari sai ta zuba masa yaji har ya gagari ci. Na taɓa yin gemu da ƙwari. Na liƙa su a haɓata, na yi yawo da su a tsakar gida ina tafiyar tsofaffi, ina tari, ina dafa ƙugu. A zatona audugar rimi ce.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau ba zai yi mini dariya da yawa ba. In zafi ya kama, 'ya'yan rimi suka fashe, auduga ce ke yawo a gari kamar ita ma tana da dangin da take zagayawa. Ta faɗa miya, ta maƙale a hular liman, ta shiga hancin akuya ta sa ta atishawa. Mu yara mu bi ta lungu-lungu muna tarawa a leda, mu kai wa tsofaffi su cusa a matashi. Saboda haka in ɗan birni ya ga wani abu fari mai laushi a jikin ganye, ba ya tsayawa tambaya. Ni ma ban tsaya ba.

Na san za a ce yaron da gemun gaske bai gama fito masa ba, me ya gani da har zai zauna yana tuna baya? To ni dai na ga zamani biyu da idona: zamanin da gidanmu ke da inuwa, da zamanin da ba shi da ita. Wanda bai san na farkon ba, kamar ƙanena na ƙarshe, ina kallonsa ne da tausayi, irin kallon da dattawan zaure ke yi mana in sun fara cewa da can nama ya fi daɗi.

A tsakiyar gidanmu akwai wani mangwaro. Kakanmu, Malam, shi ya dasa shi tun kafin a haifi babanmu. Girmansa kuwa, in ka hau reshen sama kana hango dutsen Kufena, in ka ƙara miƙa wuya ina jin har Kaduna za ka gani. Rana ba ta taɓa samun izinin shiga tsakar gidanmu ba sai dai ta leƙo ta tsakanin ganye. A gindinsa ake komai. Nan ake daka, nan ake tankaɗe, nan ake kitso, nan ake shari'ar wanda ya sha furar wani. Da safe kurciyoyi ne ke tashe mu, da yamma jemagu su karɓi aiki. In lokacin 'ya'ya ya zo, sai ka ji dam! a kan kwanon ɗakin girki, kafin ƙarar ta mutu yara sun cika wurin, har da waɗanda ba a san daga wane gida suka ɓullo ba. Aikina a wancan zamanin shi ne sharar ganye kowace safiya, kuma na tsani aikin nan kamar ciwon haƙori. Sai in share nan, in juya, ya sake zubo da wasu, da gangan. Yau ga tsintsiya ga tsakar gida fes, babu abin sharewa sai ledar ruwa, kuma ban san dalilin da ya sa abin ke ba ni haushi ba.

Mai mangwaron ta gaskiya ita ce Iya, kakarmu, mahaifiyar babanmu. Tabarmarta na gindinsa tun daga hantsi har magariba, da carbinta, da faifanta, da 'yar rediyonta. Ba ta kiransa itace. Sai ta ce, “Ku bar jifan dattijo, zai ba ku in ya ga dama.” In an yi baƙo, kafin ta tambaye shi mutanen gida sai ta nuna masa reshen da babanmu ya faɗo daga kai ya karye. Ni kuwa mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika, kuma kullum ƙarata take kaiwa wai ban taɓa yi mata cefane ba.

Wata rana aka zo makarantarmu da mota shaƙe da dashen itatuwa a baƙaƙen ledoji. Aka ce daga Kudu aka ɗauko su, kowa ya ɗauki ɗaya ya je gida ya dasa. Yawanci darbejiya ce, amma na hango mangwaro ɗan aure a can ƙurya, na ratsa mutane da gwiwar hannu, na taka ƙafar monita, na fito da shi a ƙirjina kamar na ceto jariri daga gobara. A hanya na ga ƙarƙashin ganyensa cike da farin abu. Na kankare shi da farce, na liƙa a haɓa, ya kuwa zauna daram, abin da audugar rimi ba ta taɓa yi mini ba sai da yawu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali tunani. Ni murna na yi.

Na shiga gida ina tari. “Iya, mijinki ya tsufa. A dama masa kunu mai laushi.”

Ta ɗago ta dube ni. “Ku gane mini miji. Ba cefane, ba zane, sai gemun aro. Je ka wanke fuskar nan, kana ƙyalli kamar an shafa maka alewa.”

Gemun ya fara yi mini ƙaiƙayi. Na shafo shi, na ga kamar wani ɗan guntu ya motsa a tafin hannuna, na ce a raina iska ce. Na goge hannun a ganyen reshen da ya sunkuyo kusa da tabarmar Iya, na jingine dashen a jikin gindin babban don ya sha inuwa, na tafi ƙwallo. Daga ranar ban sake tunawa da shi ba. Iya ce ta riƙa zuba masa ragowar ruwan alwala.

Damina ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Sai da rani ya dawo, mangwaro ya fara fure, sannan gidanmu ya fara ɗanko. Iya ta fara ganewa. Ta tashi daga tabarma, tabarmar ta biyo ta. Ta ce ni ne na zubar da shayi, na rantse, ba ta yarda ba, don a gidanmu in an rasa mai laifi ni ake ɗauka, kuma yawanci ba a yin kuskure. Washegari carbinta ya manne da faifai. Baffa, wan babanmu, wanda shi ne babba a gidan, ya ajiye babur ɗinsa a inuwa kamar kullum, ya hau zai tafi ofis, da ya isa sai da masinja ya taimaka aka raba shi da sirdin. Shi ya ce ba haka aka yi ba, amma wandon bai sake fitowa ba. In ka tsaya shiru a gindin itacen sai ka ji wani yayyafi siriri yana sauka a wuyanka, alhali sama ko gajimare babu. Ƙanwata ta lasa ta ce da zaƙi. Aka ɗaga kai aka duba: ƙarƙashin kowane ganye fari fat, samansa kuma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Tururuwa na hawa da sauka a jikin gindin kamar ranar kasuwa. Ƙudaje suka tare a gidanmu da iyalansu. Furen ya bushe ya zube. Shekarar nan kwanon ɗakin girki bai ji dam ko sau ɗaya ba.

Daga nan bayani ya fara zuwa, kowa da nasa. Maƙwabcinmu Alhaji ya ce hayaƙin janareto ne, ya faɗa yana kallon janaretonmu, nasa kuwa ya fi namu hayaƙi. Goggo, ƙanwar babanmu, ta ce bakin mutane ne, don bara itacen ya yi 'ya'ya har mutane suna tsayawa a lungu suna salati. Wani abokin Baffa ya ce tsufa ne, itace ma yana furfura. Ni na fi son wannan bayanin, na riƙa yaɗa shi da ƙarfina.

Sai Yaya ya dawo hutu. Yaya ɗan Baffa ne, yana karatun gandun daji a jami'a, abin da Iya ke kira karatun zama a inuwa. Ya tsinko ganye ya juya shi, ya murje farin da yatsa, wani ruwa ya fito.

“Ƙwaro ne,” in ji shi. “Farin nan rigarsa ce. Yana tsotse ruwan ganyen, ya fitar da zaƙin nan, baƙin kuma a kan zaƙin yake tsirowa ya toshe wa ganye rana. Ba ɗan ƙasar nan ba ne. Daga ƙetaren teku ya zo.”

“A ƙafa?” in ji Iya.

“A jikin kaya, Iya. A can garinsu akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke cinsa, shi ya sa ba ya yin yawa. A nan ya zo ya tarar ba mai tsawata masa.”

“To shi zanzaron me ya hana shi biyo jirgin?”

Yaya ya ce an ce a wasu wurare an kawo shi, amma bai san ko ya iso nan ba. Baffa ya tambaya a jikin wane irin kaya ƙwaron ke tafiya. Yaya ya ce 'ya'yan itace, ko furanni, amma ya fi son dashe.

Da na ji kalmar dashe sai na tuna da gemuna. Na shafa haɓata. Da azahar, da kowa ya shige ɗaki, na lallaɓa na ɗauke dashen daga gindin itacen na kai shi bayan ɗakin girki, na kifa masa tsohon kwando. Amma kafin in rufe na duba ganyensa, kuma a nan kaina ya fara ɗaurewa: tas yake, kore shar, ko ɗigon fari babu. Ta yaya wanda ya kawo cuta zai fi kowa lafiya? Na bi abokaina da suka ɗauki dashe a mota ɗaya da ni, na leƙa gidajensu da sunan neman aron littafi, ban ga komai ba. A gefe guda kuma ceɗiyar ƙofar masallacinmu ta yi fari, lemun wani gida a can wata unguwa ya yi fari, har wani ɗan ajinmu da ke zaune wajen Kufena ya ce itatuwan gindin dutsen ma sun kamu. Ni kuwa ban taɓa kai gemuna Kufena ba.

Na sami Yaya shi kaɗai yana wanke takalmi. “Yaya, misali wani yaro, ba ni ba, wani dai, ya goge irin farin nan a ganye. Zai iya kama itace gaba ɗaya?”

“Zai iya.”

“Har da na Kufena?”

“Wannan kuma iska ce, ko tsuntsu, ko kwandon mangwaro daga kasuwa. Namu ma zai iya zama hakan ne.”

“To wanne ne a ciki?”

“Ka ci jarabawa ka zo ka bincika. Wane yaro ne?”

Na ce ba ya unguwarmu, sun ma tashi.

Sai aka shiga magani. An watsa toka. An watsa ruwan sabulu da kofi, ya kai iya inda hannu ya kai, wato wajen kashi ɗaya cikin dubu na dattijon. An jiƙa ganyen darbejiya har gidan ya yi ɗaci. Goggo ta kawo shawarar hayaƙi, aka tara ƙaiƙayi a gindinsa aka zuba barkono, iska ta juya, muka fito lungu gaba ɗaya muna tari da hawaye, har maƙwabta suka fara zuwa tambayar wa ya rasu. Ƙwarin ko gezau. Baffa ya sayo maganin feshin wake, wani ya hau ya fesa, kajin Iya suka yi kwana biyu suna tafiya kamar masu jin barci, jemagu suka yi ƙaura ba sallama. Farin ya ragu, ya dawo da ƙannensa.

Ran nan Baffa ya zo ya tsuguna gaban tabarmar Iya, ya cire hula ya mayar. “Iya, ina ganin a sare shi. Ƙudan nan za su sa wa yara ciwo.”

Iya ba ta ɗago ba. “A gindin nan ubanku ya ba da karatu har muryarsa ta ƙare. A nan na yaye ku duka. In kun gaji da mu, ku ɗan jira in tafi, sai ku haɗa aikin.”

Baffa ya gyara hularsa. Ya tashi yana cewa Allah ya huci zuciyarki. Daga nan ya ɗauki ceton itacen nan kamar shi ne aikin da gwamnati ta ɗauke shi yi. Kafin Yaya ya koma makaranta ya faɗa mana cewa tururuwar nan kiwon ƙwarin take yi saboda zaƙin, tana kare su, har tana ɗaukarsu daga reshe zuwa reshe, don haka a ɗaura ƙyalle mai ɗanko a gindin a tare mata hanya. Aka ɗaura. Tururuwa ta taka gawar 'yan'uwanta ta wuce. Baffa ya ce ƙyalle wasan yara ne, abin na bukatar ganuwa, mu da muke cikin birni mai ganuwa ai ba sai an koya mana ba. Ya ɗauko adda ya sassaƙe ɓawon gindin, ya zagaye shi kaf, ya yi rami mai zurfi har farin itacen ya bayyana, ya cika shi da baƙin mai da ya karɓo wajen makaniki. Ni na riƙe galan. Na riƙe shi da alfahari, don a ganina ina gyara abin da wataƙila ni na ɓata.

Tururuwa kuwa ta tsaya cak. Ta zo bakin ramin ta yi cirko-cirko ta juya. Muka yi ta murna. Iya ta sa wa Baffa albarka har ya ji kunya.

Da ruwan sama ya sauka sosai, farin nan ya wanke a ko'ina. Ceɗiyar masallaci, wadda ba wanda ya yi mata ko addu'a ta musamman, ta fitar da sabon ganye. Lemun can unguwar ya warke. Namu ma ya wanke, har ya yi ɗan jan toho, Baffa na zagaya shi da hannu a baya kamar likita. Amma tohon bai girma ba. Da rani ya dawo sai ya fara bushewa daga sama, reshe bayan reshe. Rana ta samu ƙofa ta shigo tsakar gidanmu, Iya ta riƙa jan tabarmarta tana bin ragowar inuwa, har ranar da ta kai jikin bango.

Yaya ya dawo, ya ga zoben baƙin mai, ya ɗora hannu a ka. “Baba, wa ya yi wannan?”

“Kai ka ce a tare tururuwa.”

“Ƙyalle na ce! Ta ɓawon nan abinci ke sauka zuwa saiwa. An yanke masa maƙogwaro.”

“Da ƙyallen naka ya yi aiki da na ɗauko adda? Kuma ai ya yi toho bayan nan. Wanda aka yanka yana toho?”

Yaya ya ce yana yi, na ɗan lokaci. Baffa ya ce ƙwari ne suka riga suka shanye shi. Yaya ya ce to, su ma sun raunana shi, da hayaƙin, da feshin, ba zai iya rantsuwa a kan abu ɗaya ba. Goggo ta ce ita dai tun farko ta faɗa. Alhaji maƙwabci ya leƙo ta katanga ya sake kallon janaretonmu. Ni ina tsaye a tsakiya ina lissafi: in ƙwari ne, wataƙila ni ne, wataƙila iska. In ramin ne, Baffa ne, amma ni na riƙe galan, kuma ba don ƙwarin ba da ba a yi ramin ba. Duk hanyar da na bi sai in tarar da kaina a tsaye a ƙarshenta, amma ban taɓa tarar da kaina ni kaɗai ba.

Da yamma na je na zauna kusa da Iya a jikin bango. Na ce, “Iya, kin tuna gemun nan?”

“Wanda ka goge a reshen da ke kaina? Ina zaune ai.”

“To ni na kashe shi ke nan?”

“Kai? Kai da ko sauro ka kai wa mari kanka kake samu?” Ta ja carbi. “Ban sani ba, maigida. Da na sani da na faɗa maka, ko don in ga idonka. Kwanansa ne ya ƙare, mu kuma kowa ya taya da abin da ya iya. Tashi ka ɗauko mini wanda ka ɓoye a ƙarƙashin kwando. Na gaji da zagayawa bayan ɗakin girki da buta.”

An sare dattijon kafin damina, don kada ya faɗo wa ɗaki. Iya ta shige ɗaka ta ƙure rediyo har aka gama. Itacensa ya daɗe yana dafa mana tuwo. Dashen nawa, wanda saiwarsa ta riga ta fasa leda ta kama ƙasa, mun tone shi mun dasa a gefen kututturen, ya kuma kama. Yanzu ya ɗan fi ni tsawo. Inuwarsa ba ta fi faifai biyu ba, Iya na zama a ciki da kanta da kafaɗa ɗaya, sauran jikinta na rana. Duk rani farin nan yana dawowa, ni kuma aikina ne in bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ruwan sabulu, tana zaune tana nuna mini wanda na tsallake. Har yau ba a san abin da ya kashe babban ba, ƙaramin kuma bai yi 'ya'ya ba tukuna.